Barbara a Cikin Sulke: Yadda Ƙaguwa da Danginta Ke Hayayyafa

Idan ka kama ƙaguwa ka juya ta rigingine, za ka ga wani marfi a ƙirjinta kamar an liƙa shi da gam. Wannan marfi cikinta ne. Shi ne sashen da yake miƙe a bayan jatan lande da lobsta, babban ɗan'uwansa na teku mai manyan awartakai, har muke ce masa wutsiya, ita ƙaguwa naɗe nata ta yi ta tura ƙasa. In marfin siriri ne mai tsini, namiji ka kama. In faffaɗa ne har ya kusa rufe ƙirjin duka, mace ce, kuma faɗin nan gurbin ƙwai ne. Sa farce ka ɗaga na namijin a hankali, za ka tarar da 'yan sanduna huɗu kwance a cikin wani kwari, biyu dogaye biyu gajeru. Da su yake barbara. Asalinsu ƙafafun iyo ne, irin filafilan da jatan lande ke kaɗawa a ƙarƙashin wutsiyarsa, aka sauya musu aiki.

Ƙaguwa, jatan lande, lobsta, ƙaramin ɗan'uwan lobsta na ruwan daɗi da ake kira kirefish, da dubban ƙananan halittun ruwa da sai an ƙura ido ake ganinsu, duk dangi ɗaya ne, kuma abin da ya haɗa su shi ne ƙashinsu a waje yake. Sulke suke sanye da shi daga kai har ƙafa. Sulke kuwa ba ya miƙewa, saboda haka duk mai son girma a cikinsu dole ya yi saɓa: ya tsaga tsohon ɓawo ya fito tiɓis, ya sha ruwa ya kumbura, sannan ya jira sabon ya yi tauri. A ganina duk wanda ke son fahimtar yadda waɗannan halittu ke haihuwa, daga nan ya kamata ya fara. Jiki biyu da ke kulle cikin sulke, ta ina za su sadu, kuma yaushe? Kusan duk abin al'ajabin da ake ba da labari a kansu, daga goyon da namiji ke yi wa mace har zuwa ajiye maniyyi shekara guda, amsa ce ga wannan tambaya.

Manyan cikinsu ƙafa goma gare su, biyar kowane gefe, har da awartakin da suke damƙa da shi. Ƙwayayen namiji da mahaifar ƙwan mace duka a cikin gangar jiki suke, ƙarƙashin babban ɓawon baya. Ƙofofinsu ne ke ba da mamaki, don a gindin ƙafafu suke. Na mace biyu ne, a daidai ƙafa ta uku hagu da dama; na namiji su ma biyu, a gindin ƙafa ta biyar. A yawancin ƙaguwa ƙofofin mace sun ɗan matso tsakiyar ƙirji, inda marfin nan ke rufe su. Maniyyin kuma ba irin wanda aka saba gani a hoto ba ne mai kai da wutsiya. Na waɗannan masu ƙafa goma ba shi da wutsiya, ba ya iyo, a nau'o'i da yawa siffar tauraro gare shi mai ƙayoyi. Tun da ba ya iya tafiya da kansa, sai an kai shi. Shi ya sa namiji ke ƙunshe shi cikin 'yan ƙulle-ƙulle, sannan ya miƙa da sandunan nan. A jikin ƙaguwa doguwar sandar bututu ce, gajeriyar kuma tana shiga cikinta tana tura ƙunshin gaba kamar fistin. Siffar bakin doguwar sandar ta bambanta ƙwarai daga nau'i zuwa nau'i, har ta kai masana kan rarrabe ƙaguwar ruwan daɗi da kirefish ta hanyar duba ta a madubin likita, don sau da yawa nau'i biyu sukan yi kama a komai sai a nan.

Ɓangaren mace ya fi jan hankalina, domin a nan ake ganin cewa a wurin waɗannan halittu barbara daban, haɗuwar ƙwai da maniyyi daban, kuma tsakaninsu ana iya samun watanni. Macen ƙaguwa tana da jaka biyu a ciki da take adana abin da aka ba ta. Macen lobstan Amurka aljihu gare ta a waje, tsakanin ƙafafunta na baya. Akwai kuma lobsta mai ƙaya, wanda ba shi da manyan awartaki: shi namijinsa shafa wa mace ƙunshin yake yi a ƙirji, ya daskare ya yi baƙi kamar ɗigon kwalta, ta yi ta yawo da shi har ranar da ƙwanta ya nuna, sannan ta sa farcen ƙafarta ta baya ta kankare shi maniyyin ya fito. Ranar zuba ƙwai macen lobsta kan kwanta rigingine ta lanƙwasa wutsiya ta yi kamar ƙoƙo. Ƙwan na fitowa daga gindin ƙafa ta uku, ya gangara baya ya bi ta bakin aljihun inda maniyyi ke jiransa, ya faɗa cikin ƙoƙon, wani gam ya manna shi a gashin filafilanta. Namijin da ya ba da maniyyin ƙila ma an daɗe da kama shi.

To amma yaya ake shigar da ƙunshin tun farko, alhali ƙofa ɓawo ce? A nau'o'i masu yawa amsar ita ce sai an jira saɓa. Shuɗiyar ƙaguwa ta gabar gabashin Amurka, wadda mashigin Chesapeake ya yi suna da ita, ta kai wannan doka matuƙa. Macenta sau ɗaya take karɓar namiji a rayuwa, a saɓarta ta ƙarshe, wadda da ita take balaga. In ta kuskure wannan 'yar taga, shi ke nan. Namiji kuwa ba shi da hanyar sanin sa'ar da za ta tuɓe, kuma in ya tafi ya dawo zai iske wani ya riga shi. Abin da yake yi shi ne, da ya ji ƙanshin macen da saɓarta ta kusa, sai ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya buɗe awartakai, ya ɗaga ƙafafunsa na baya masu kama da filafilin kwalekwale yana kaɗawa. In ta yarda, sai ya rungume ta a ƙarƙashinsa ya yi ta yawo da ita kwana da kwanaki. Idan lokaci ya yi ya sassauta, ya yi mata rumfa da ƙafafunsa ta tuɓe a ciki, sannan ya juya ta su haɗa ƙirji, abin da kan ɗauki sa'o'i. Bayan an gama ba ya sakinta sai ɓawonta ya yi ƙwari. Daga nan ita kaɗai za ta gangara wajen bakin teku inda ruwa ya fi gishiri, ta zuba ƙwai wajen miliyan 2 a tashi ɗaya, dunƙule a ƙarƙashin marfinta kamar soso, ruwan lemo da farko, ya yi ta duhu har ya kusa zama baƙi cikin kamar mako biyu.

Mutane kan so su kira wannan rungumar soyayya, kuma ban ga laifin mai sha'awar kallonta ba. Sai dai gwaji ya nuna hanci ne ke jan ragamar. A jikin koriyar ƙaguwa ta gaɓar Turai, masu bincike a Jami'ar Hull ta Ingila sun bayyana a 2011 cewa babban sinadarin da ke kiran namiji wani abu ne da ake taƙaita sunansa da UDP, wanda ke fita a fitsarin mace lokacin da jikinta ke haɗa sabon ɓawo. Wato saƙon ba wani abu ba ne illa ragowar aikin saɓa, namiji ya koyi karanta shi. In aka shafa wa wani abu daban wannan ƙanshi, ko da ba mace ba ne, namiji zai rungume shi ya tsare.

Lobstan Amurka ya fi kowa nuna yadda fitsari ke zama magana, kuma masanin halittun ruwa Jelle Atema, wanda ya shafe shekaru yana kallonsu a manyan tankuna a garin Woods Hole na Amurka, shi ya fi kowa bayyana tsarin. Da farko dai mafitsarar lobsta a ka take, ƙofofinta a gindin dogayen gashin bakinsa, saboda haka gaba yake fesa fitsari, wajen fuskar wanda yake magana da shi. Maza sukan yi faɗa har a san gwarzon unguwa, kowa kuma ya riƙe warin wanda ya kayar da shi. Mace ce ke zuwa neman namiji. Takan zo bakin kogon gwarzon ta leƙa, ta fesa fitsarinta ciki, shi kuma ya tsaya yana kaɗa filafilan wutsiya, ruwan kogon na fita da ƙanshinsu biyu. Ta yi ta zuwa tana komawa har zafin ransa ya sauka, sannan ta tare. Ka sani wannan dabba ce mai cin 'yar'uwarta in ta same ta da laushi, kuma ga mace na shirin tuɓe sulke a ɗakinsa. Ana dab da saɓar, sai ta ɗaga awartakanta ta ɗora masa a ka, ta sauke, ta sake ɗorawa. Daga nan ta kwanta a gefe ta zare jiki daga tsohon ɓawo, ta zube ko tsayuwa ba ta iyawa. Shi kuma ya tsaya a kanta yana shafa ta da gashin baki kamar rabin sa'a, sannan ya sa ƙananan ƙafafu ya juya ta a hankali. Saduwar kanta 'yan daƙiƙu ce. Takan ƙara kamar mako guda a kogon har ta yi tauri, tana fita wata na jiran layi a ƙofa. Yawanci sai shekara ta kewayo za ta zuba ƙwan, sannan ta goya shi wata 9 zuwa 12, saboda haka daga ranar barbarar zuwa ƙyanƙyasa ana iya cin kusan shekara biyu.

Tsaron mace yana da tsada, kuma an fi auna tsadar a jikin wasu 'yan mitsi-mitsin halittu na rafi da ake kira Gammarus, masu lanƙwasasshen jiki kamar waƙafi. Ɗaga dutse a rafi mai sanyi za ka gan su bibbiyu, babba riƙe da ƙarami suna iyo a kaikaice. Babban shi ne namijin. Muddin yana riƙe da ita ba ya cin abinci sosai, ba ya gudu sosai, kuma ya rasa duk sauran matan da zai iya samu. In ya kama da wuri ya yi asarar kwanaki, in ya yi jinkiri wani ya ɗauke. An lura cewa inda maza suka yi yawa, sukan fara tsaron da wuri su daɗe. Ita ma macen ba kaya ba ce: a wasu dangin nasu takan yi ta fizge-fizge ta kuɓuce in an kama ta tun lokaci bai yi ba, don ita ma goyon na hana ta kiwo.

Duk wannan na masu jiran saɓa ne. Akwai waɗanda suka sami wata dabara: ƙofar macensu tana da ɗan murfi mai motsi, ko kuma murfin kan yi laushi na ɗan lokaci ba tare da an tuɓe sulken duka ba. Da zarar an sami haka, sai tsarin neman aure ya juye. Babu dalilin goyon mace kwana bakwai, sai dai a burge ta. Ƙaguwa mai goge, wadda ke zaune a taɓon bakin teku, ita ce shaida. Namijinta awartaki ɗaya ya yi masa girma har yakan kai rabin nauyin jikinsa, ba ya ma iya cin abinci da shi, da ɗan ƙaramin hannu ɗaya yake tsintar abinci alhali mace na ci da biyu. Idan ruwa ya janye sai maza su fito bakin ramukansu suna ɗaga hannun suna saukewa, kowane nau'i da salon kaɗawarsa. Mace na ratsawa tana dubawa, ta leƙa wannan rami ta fito, ta leƙa wancan, domin a wasu nau'o'in a ramin za ta zauna da ƙwanta, ɗaki take dubawa tare da mai ɗakin. Har da cuta a ciki: namijin da babban hannunsa ya karye yakan tsiro wani mai tsawon na farko amma marar ƙarfi, ya ci gaba da kaɗa shi, abokan hamayya su ja da baya, mata su amsa.

Babban jatan landen ruwan daɗi na kudu maso gabashin Asiya, wanda ake kiwo a ƙasashe da yawa, ya raba mazansa gida uku ko da uwa ɗaya ce ta ƙyanƙyashe su. Akwai mai shuɗin hannu, sarkin tafki, wanda ke tsare macen da ta yi saɓa tsakanin dogayen hannayensa. Akwai mai hannu ruwan lemo, wanda bai damu da mata sosai ba, ci da girma ya sa a gaba yana jiran gadon sarauta. Sai ƙananan maza, waɗanda suka fi yawa, su kuwa sata suke yi: su lallaɓa su kutsa tsakanin sarki da amarya su manna ƙunshinsu su gudu. In aka cire mai shuɗin hannu daga tafki, wani mai ruwan lemo zai yi saɓa ya fito da shuɗi, ƙananan su ma su soma girma.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke sa namiji ya zama namiji. A jikin dabbobi masu ƙashin baya ƙwayayen ne ke fitar da sinadarin mazantaka. A nan kuwa wani ɗan ƙullutu ne daban, manne a ƙarshen bututun maniyyi. Wata masaniya 'yar Faransa, Hélène Charniaux-Cotton, ta nuna aikinsa a 1954: ta dasa shi a jikin mace, mace ta soma rikiɗa, har mahaifar ƙwanta ta koma yin maniyyi. Sinadarin da yake fitarwa dangin insulin ne, wato sinadarin nan mai daidaita sukari a jinin mutum. Da yake makunni ɗaya ne ke riƙe da al'amarin, ana iya kashe shi. Amir Sagi da abokan aikinsa a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila sun toshe ƙwayar gadon da ke yin sinadarin a jikin ƙananan mazan jatan landen nan, suka girma suka zama mata masu yin ƙwai. Da aka haɗa su da maza na ainihi, duk 'ya'yan suka fito maza, abin da masu kiwo ke so tun da maza sun fi girma. Amma tun kafin mutum, wani cima-zaune mai suna Sacculina ya san hanyar. Yakan shiga jikin ƙaguwa ya baza saiwoyi ko'ina, ya hana ta saɓa da haihuwa, ya fito da jakarsa daidai gurbin ƙwai. In namiji ya kama, marfin namijin yakan faɗaɗa kamar na mace, ya riƙa share jakar yana yi mata fifita kamar ƙwansa.

Wasu kuma da kansu suke sauyawa. Jatan landen ruwan sanyi na arewacin Atlantika yakan fara rayuwa a namiji, bayan 'yan shekaru ya koma mace. Lissafin a fili yake: maniyyi ba ya buƙatar babban jiki, yawan ƙwai kuwa da girman jiki yake tafiya, don haka a yi mazantaka ana ƙarami, a yi uwa an girma. Jatan landen Lysmata, mai share wa kifi jiki, shi ma da namiji yake farawa, daga baya ya zama mata-maza: duk wanda ya yi saɓa a cikin biyun shi ne mace a ranar, ɗayan ya yi masa namiji, in an jima su yi musaya.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne banakul, ɗan dunƙulen nan mai kama da ƙaramin tsauni da ke manne a duwatsun bakin teku da gindin jiragen ruwa. An daɗe ana ɗaukarsa dangin katantanwa, sai a 1830 John Vaughan Thompson ya ga 'ya'yansa suna iyo da ƙafafu ya gane ɗan'uwan ƙaguwa ne. Yana ƙarami yake manna kansa a dutse, daga nan ba ya ƙara motsawa har ya mutu. Yawancinsu mata-maza ne, amma duk da haka maƙwabci suke nema, kuma tun da ba za su iya zuwa ba sai su aika: gabansu yakan miƙe ya ninka tsawon jiki sau da yawa, a wasu har sau takwas, yana lalube a tsakanin maƙwabta har ya sami wanda ƙwansa ya nuna. Wani bincike a Kanada a 2008 ya nuna cewa na wurin da igiyar ruwa ke duka ya fi gajarta da kauri, na wuri mai kwanciyar ruwa ya fi tsawo da siranta, kuma in aka sauya wa dabbar wuri sai ta sauya siffar. Charles Darwin, shahararren masanin halittu na Ingila, ya ba banakul shekara takwas na rayuwarsa, daga 1846 zuwa 1854, kuma a cikinsu ya gano wasu nau'o'in da mazansu 'yan ƙwaya-ƙwaya ne manne a jikin mace, kusan ba komai a jikinsu sai jakar maniyyi.

A gefe guda akwai 'yan halittun da ake kira ostrakod, masu kama da ƙwayar iri a cikin ɓawo biyu, waɗanda zaren maniyyin wasunsu ya fi su kansu tsawo sau biyu ko uku, naɗe a ciki kamar ƙwarƙwaron zare. An sami irinsa a jikin wata mace da ta maƙale cikin daskararren ƙaro a Myanmar kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce.

Sai waɗanda suka sallami namiji. Ƙuman ruwa, Daphnia, muddin tafki na da abinci mata ne zalla, kowace na haifo kwafin kanta ba tare da barbara ba. Sai abinci ya ja baya, ko cunkoso ya yi yawa, ko rana ta soma gajarta, sannan su haifi maza, a yi barbara, a samar da ƙwai mai kauri da ke jure fari da ƙanƙara, ya kwanta a laka shekaru yana jira. Kirefish mai zanen marmara ya wuce nan. An fara lura da shi a hannun masu kiwon kifin ado a Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Asalinsa wani nau'i ne na Florida, amma aka sami kuskure a haɗuwar ƙwai ya tashi da jerin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, uku maimakon biyu. Ba a taɓa ganin namijinsa ba; kowace mace na zuba ƙwai ya ƙyanƙyashe da kansa, kuma duk na duniya zuriyar uwa ɗaya ce. Guda ɗaya in ta faɗa tafki ta isa ta cika shi. Haka ya mamaye ruwayen Madagaska cikin 'yan shekaru, Tarayyar Turai ta haramta cinikinsa a 2016, aka ba shi sunan nau'i na kansa a 2017.

Bayan ƙwai ya fito, dangin sun rabu biyu. Jatan landen teku irin wanda aka fi kiwo, kamar mai zanen damisa, watsa ƙwansa yake yi a ruwa da dare, ɗaruruwan dubbai a zubi ɗaya, ya yi gaba abinsa. Sauran kusan duka goyo suke yi: uwa na kaɗa filafilai iska na ratsa ƙwan, tana tsince wanda ya lalace, kuma ba za ta yi saɓa ba sai ta sauke, don in ta tuɓe ɓawo da ƙwan zai tafi. Na teku ƙwansu ƙanana ne masu yawa, suna ƙyanƙyashe 'yan tsutsotsi da ba su yi kama da iyayensu ba, su yi makonni suna yawo a ruwa kifi na cinye mafi yawansu. Ƙaguwar ruwan daɗi da kirefish ba za su iya wannan caca ba, don kogi zai kwashe 'ya'yan ya tafi da su. Ƙwansu kaɗan ne manya, ɗan na fitowa da siffar uwarsa ya maƙale a jikinta. Jar ƙaguwar Tsibirin Kirsimeti ta Ostireliya ta koma zaman daji, amma 'ya'yanta har yanzu na teku ne. Da saukar damina miliyoyinsu ke gangarowa gaɓa, a yi barbara a ramuka, mata su zauna da ƙwai kamar mako biyu, sannan su fito kafin asuba a kwanakin da wata ya ragu zuwa rabi, lokacin da cikowar teku ke janyewa, su tsaya a bakin ruwa su karkaɗe ƙwan.

Masunta sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan. A jihar Maine ta Amurka, in an kama lobsta mai ƙwai akan yi mata ɗan tsagi a filafilin wutsiya a mayar da ita ruwa, kuma duk wanda ya sake kama ta, ko ba ƙwai a jikinta, haramun ne ya sayar. Dokokin kamun ƙaguwa da yawa sun ginu a kan a bar mata a kwashi manyan maza, bisa zaton cewa namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Abin da aka gano game da shuɗiyar ƙaguwa ya sa ana sake duba wannan zato. Namijin da ya yi barbara yana buƙatar kwanaki kafin rumbunsa ya sake cika, ƙaramin namiji kuma ɗan kaɗan yake bayarwa, ita kuwa macen da abin da ta samu a rana ɗaya za ta yi ta haihuwa har ƙarshen rayuwarta.

A gidajen ƙyanƙyasar jatan lande matsalar wata ce: matan da aka tsare a tanki ba sa saurin yin ƙwai. Sinadarin da ke taka wa mahaifar ƙwai birki a cikin 'yar sandar da ke ɗauke da ido ake yinsa, abin da wani masani Bafaranshe mai suna Panouse ya nuna tun 1943, lokacin da ya cire wa jatan lande sandunan ido ya ga mahaifar ta kumbura ba lokacinta ba. Daga shekarun 1970 wannan ya zama aikin yau da kullum a masana'antar: a kama mace a yanke, ko a ƙone, ko a matse mata ido ɗaya, cikin kwanaki ta soma zuba ƙwai a kai a kai. Tana yi tana ƙarewa, ingancin ƙwan na raguwa zubi bayan zubi, kuma gwaje-gwaje a kan farin jatan lande sun nuna 'ya'yan uwar da ba a taɓa idonta ba sun fi jure cuta. A 2022 Birtaniya ta sa ƙaguwa da lobsta da jatan lande cikin dokarta ta dabbobi masu jin zafi, wasu manyan kantuna a Turai kuma sun fara ƙin sayen kayan gonakin da ke cire ido. Gidajen ƙyanƙyasar da suka daina suna biyan kuɗin hakan ta wata hanya: su ajiye mata da yawa fiye da da, su gyara musu abinci da haske da zafin ruwa, su kuma jira kowace ta nuna a lokacinta.